Fitar da Haruffan Ginshiƙai da Lambobin Layuka a Takarda: Tambayoyi da Amsoshi kan Excel, Calc, Google Sheets da Word

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin malaman makaranta, akawun ofis, masu kula da sito, masu shagon buga takardu, da ɗaliban da aka ba aikin kwamfuta. An bar sunayen maɓallai yadda suke a allon kwamfuta, domin da su za ka neme su.

1. Me ya sa haruffan A, B, C da lambobin 1, 2, 3 da nake gani a kwamfuta ba sa fitowa idan na buga takarda?

Saboda ba sa cikin abin da ka rubuta. Manhajar ce ta jera su a sama da gefen falle domin kowane gida, wato ɗan akwatin da ake rubutu a ciki, ya samu adireshi. Harafi na ginshiƙi ne, wato jerin gidajen da ke tsaye, lamba kuma ta layi ce, wato jerin da ke kwance. Gidan da ginshiƙin D ya haɗu da layi na 14 shi ake kira D14, kamar yadda ake kwatanta shago a kasuwa da sunan layi da lambar rumfa.

Excel da LibreOffice Calc duk sun ɗauka cewa wanda za a miƙa wa takarda bai damu da wannan adireshi ba, shi ya sa tun asali ba sa buga shi sai ka nema. Firintarka lafiyarta ƙalau. Yadda ake kunna shi yana tambaya ta 3.

2. Na ce a fitar min da kanun jadawali a kowane shafi, sai aka kawo min A, B, C. Ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma yawancin ruɗanin da ake samu a wannan batu daga nan yake farowa. Abubuwa uku ne mabambanta. Na farko haruffa da lambobin da manhaja ta kafa da kanta. Na biyu kanun da kai ka rubuta a layin farko na jadawalinka: Lamba, Suna, Lissafi, Turanci, Jimilla, Matsayi. Na uku rubutun da ke zama a can saman shafi ko ƙasansa, wajen jadawali, irin su sunan makaranta, kwanan wata da lambar shafi. Kowanne da inda ake saita shi.

Yawancin masu tambaya na biyun suke bukata. Ka ɗauki malamin da ya buga sakamakon ɗalibai 120 a shafi uku. Shafin farko yana da kanu, sauran biyun kuwa lambobi ne zalla. Shugaban makaranta ya ga 64, 71, 58 a gaban sunan yaro, bai san wanne ne makin Lissafi ba sai ya koma shafin farko yana ƙirga ginshiƙai da yatsa. Harafin E a saman shafi ba zai gaya masa komai ba. Maganin wannan yana tambaya ta 4.

Haruffa da lambobi kuwa amfaninsu ga mutanen da za su yi magana a kan gida guda ne: mai binciken kuɗi da zai ce "duba G37, jimillar ba ta yi daidai ba", ko malamin kwamfuta da ke duba fomula. Kafin ka taɓa kowane maɓalli, ka fara tunanin wanda zai riƙe takardar da abin da zai yi da ita.

3. To yaya ake buga haruffan da lambobin a Excel?

Ka buɗe fallen da kake so, ka shiga Page Layout. A rukunin Sheet Options za ka ga Headings, a ƙarƙashinsa da ƙananan akwatuna biyu, View da Print. View shi ke nuna su a allo, Print shi ke fitar da su a takarda. Ka sa alama a Print, sannan ka danna Ctrl+P ka duba samfurin shafin kafin ka tura wa firinta.

Akwai wata hanyar da ke kaiwa wuri ɗaya: a akwatin Page Setup, ka shiga sashen Sheet, ka sa alama a Row and column headings. Akwatunan View da Print ba su dogara da juna ba. Kana iya ɓoye haruffan a allo su fito a takarda, kana iya yin akasin haka.

4. Yaya zan sa layin kanuna ya maimaitu a saman kowane shafi?

A Page Layout ka danna Print Titles. A gurbin Rows to repeat at top ka rubuta $1:$1 idan kanun suna layi na farko, ko $1:$3 idan sun ɗauki layi uku. In ba ka son rubutawa, ka danna cikin gurbin sannan ka danna lambar layin da linzami, Excel zai cike maka. Idan jadawalin yana da faɗi har ya tsallaka shafi na biyu ta gefe, ka cike Columns to repeat at left da $A:$A ko $A:$B, domin sunayen mutane ko na kaya su bi lambobinsu. Takardar albashi da aka raba gida biyu, sunaye a wannan shafi kuɗi a wancan, hanya ce ta biyan wani haƙƙin wani.

Layukan da za a maimaita dole su kasance a jere, ba za ka haɗa layi na 1 da na 5 ka tsallake na tsakiya ba. Idan sunan ma'aikata da tambarinta sun cinye layi na 1 zuwa 3, kanun jadawali kuma suna layi na 4, ka rubuta $4:$4 kawai. Shafin farko zai fito da komai yadda yake, sauran shafuka su ɗauko layi na 4 shi kaɗai, ka tsira da fili.

A ganina duk jadawalin da ya wuce shafi ɗaya bai kamata ya bar hannunka ba sai da wannan saiti. Aikin minti ɗaya ne, kuma yana zama cikin fayil ɗin da zarar ka adana.

5. Na daskarar da layin farko da Freeze Panes, amma bai maimaitu a takarda ba. Me ya faru?

A Excel da Calc, daskarar da layi aikin allo ne kawai, don kanu su tsaya yayin da kake gangarawa ƙasa. Bai shafi bugu ba ko kaɗan. Haka ma idan ka mai da bayananka jadawali da Ctrl+T, za ka ga kanunka sun maye gurbin A, B, C lokacin da ka gangara, amma wannan ma a allo ya tsaya. Sai ka bi tambaya ta 4. Google Sheets ne ya bambanta, domin shi da layin da aka daskarar yake aiki wajen bugu, kamar yadda yake a tambaya ta 10.

6. Gurbin Rows to repeat at top ya dusashe, ya ƙi karɓar rubutu. Mene ne dalili?

Dalilin da ya fi yawa shi ne ka buɗe Page Setup daga cikin shafin bugu, wato bayan ka danna Ctrl+P. Daga can gurbin a kulle yake. Ka koma kan fallen ka shiga ta Page Layout, sannan Print Titles. Dalili na biyu shi ne ka zaɓi falle fiye da ɗaya a lokaci guda. Ka duba saman taga, idan ka ga kalmar Group kusa da sunan fayil, ka danna dama a kan sunan falle a ƙasa ka zaɓi Ungroup Sheets.

Idan kuwa maɓallin Print Titles ɗin kansa ne ya dusashe, to ko dai kana tsakiyar rubutu a cikin wani gida ba ka danna Enter ba, ko ka zaɓi wani zanen ƙididdiga a fallen, ko kuma babu firinta ko ɗaya da aka girka a kwamfutar. Wannan na ƙarshe yakan samu masu laftof da ba su taɓa haɗa ta da firinta ba. A Windows 10 da 11 akwai Microsoft Print to PDF, wadda Excel ke ɗauka a matsayin firinta, kuma ta isa.

7. Haruffan sun fito, amma zanen da ke raba gidaje bai fito ba.

Saitinsa daban ne. Kusa da Headings akwai Gridlines, shi ma da nasa View da Print. Idan za ka buga haruffa da lambobi, ka haɗa da zanen, in ba haka ba ido zai ɓata tsakanin lambar layi a hagu da adadin da ke can ƙarshen dama. Idan ka sa alamar amma bai fito ba, ka duba sashen Sheet na Page Setup ko an sa alama a Draft quality, domin shi yana hana zanen fitowa.

Zanen da haruffan suna tsayawa ne a iyakar inda bayanai suka kai. In kana son gidajen da babu komai su fito, misali takardar rajistar da za a cike da biro, sai ka zaɓi yankin ka danna Print Area, sannan Set Print Area.

8. Fayil ɗina yana da falle goma sha biyu, ɗaya na kowane wata. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya?

A Excel saitin na kowane falle ne shi kaɗai. Ga haruffa da lambobi da zane, akwai sauƙi: ka danna dama a kan sunan falle ɗaya, ka zaɓi Select All Sheets, ka sa alamar Print, sannan ka raba su nan take. Kada ka manta da rabawar, domin muddin suna haɗe duk abin da ka rubuta a gida ɗaya zai shiga wannan gidan a dukkan fallayen, ya goge abin da ke ciki.

Maimaita kanu kuwa ba ya yiwuwa a haɗe, kamar yadda aka ce a tambaya ta 6. Ko dai ka bi su ɗaya-ɗaya, ko ka yi amfani da ɗan gajeren umarnin VBA, wato harshen da ake rubuta wa Excel umarni da shi, da zai zagaya fallayen yana sa PageSetup.PrintTitleRows = "$1:$1" da PageSetup.PrintHeadings = True a kowanne. Hanyar da ta fi dacewa da mafi yawan mutane ita ce ka saita fallen Janairu tsaf tun farko, sannan ka kwafe shi da Move or Copy don sauran watanni. Kwafin yana tafiya da saitin bugunsa.

Wanda ke son kowane sabon fayil ya zo a saite, zai iya adana fayil mara komai da sunan Book.xltx a jakar XLSTART, wadda Excel ke dubawa duk lokacin da aka buɗe shi, Excel zai riƙa ɗaukar sa a matsayin samfuri.

9. LibreOffice Calc nake amfani da shi. Ina abin yake?

Ka shiga Format, ka zaɓi Page Style, wanda a tsofaffin fitowa sunansa Page kawai. A sashen Sheet ka sa alama a Column and row headers, da Grid idan kana son zane. Maimaita kanu yana wani wuri: Format, Print Ranges, Edit, sannan ka cike Rows to repeat da $1 ko $1:$3, da Columns to repeat da $A.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata ka sani. A Calc saitin haruffa da zane yana rataye ne da salon shafi, kuma dukkan fallaye suna farawa da salo ɗaya mai suna Default. Da ka kunna a falle ɗaya, ya shafi sauran. Ga mai fallaye goma sha biyu wannan alheri ne. Idan kuma falle ɗaya kake so ya bambanta, ka danna F11, ka shiga jerin salon shafi, ka ƙirƙiri sabo, sannan ka danna shi sau biyu kana kan wannan fallen.

10. A Google Sheets fa?

Maimaita kanu yana da sauƙi. Ka daskarar da layin ta View, Freeze, 1 row. Ka danna Ctrl+P, a gefen dama ka buɗe Headers & footers, ka sa alama a Repeat frozen rows, da Repeat frozen columns idan ka daskarar da ginshiƙi. Zanen gidaje yana ƙarƙashin Formatting da sunan Show gridlines.

Haruffan A, B, C da lambobin gefe kuwa babu maɓallin buga su. Mafita biyu ce. Ko ka sauke fayil ɗin a matsayin .xlsx ka buga daga Excel ko Calc, ko ka gina su da kanka. Ka ƙara sabon ginshiƙi a farko ka cike shi da =ROW(), wanda ke ba da lambar layin da yake kai. Ka ƙara sabon layi a sama ka cike shi da =SUBSTITUTE(ADDRESS(1,COLUMN(),4),"1",""), wanda ke ba da harafin ginshiƙi. Sai ka daskarar da su su maimaitu. Ka lura cewa ƙarin ya tura komai gaba da gida ɗaya, abin da yake B5 ya koma C6, don haka fayil ɗin da abokin aikinka zai duba ya zama wanda ke da ƙarin.

11. Excel ɗina na Faransanci ne, ban ga waɗannan sunaye ba.

Haka yawancin kwamfutocin ofis suke a Nijar, Kamaru da Chadi. Wuraren ba su sauya ba, sunaye ne kawai. Page Layout shi ne Mise en page, Print Titles shi ne Imprimer les titres. A sashen Feuille za ka ga Lignes à répéter en haut, Colonnes à répéter à gauche, Quadrillage na zane, da En-têtes de ligne et de colonne na haruffa da lambobi. Fomulolin tambaya ta 10 suna komawa LIGNE, COLONNE, ADRESSE da SUBSTITUE, kuma alamar ; ake sawa tsakanin sassan fomula maimakon waƙafi. Fayil ɗin da aka saita a Kano zai buɗe a Maraɗi da saitinsa cif, domin ba a harshe ake adana shi ba.

12. Lambobin layi sun fito suna tsalle: 5, 9, 14, 22. Kuskure ne?

Ba kuskure ba ne. Ka tace bayanai ne da Filter, ko akwai layukan da aka ɓoye. Excel yana buga lambar kowane layi ta ainihi, ba ya sake ƙirga daga 1. Haka idan ka buga yanki kawai, daga D10 zuwa H30, takardar za ta fara da D da 10. A shafi na biyu na jadawalin da ke maimaita kanu ma za ka ga 1, sai kuma 48 ko makamancin haka ya biyo baya.

Wannan tsallen yana da amfani babba ga mai bincike. Takardar kashe kuɗi da haruffanta suka tashi daga F suka faɗa H tana shaida cewa akwai ginshiƙin G a ɓoye, kuma daidai ne a tambayi abin da ke cikinsa. Shi ya sa nake ba ma'ajin ƙungiya da masu duba lissafinsa shawarar su riƙa aiki da takarda mai haruffa. Amma kada a ɗauki lambar layi a matsayin lambar jeri. Idan kanu sun ci layi na 1, mutum na farko yana layi na 2, kuma layi na 121 shi ne mutum na 120. In ana bukatar lambar jeri, a buɗe mata ginshiƙinta.

13. Ginshiƙaina sun koma 1, 2, 3 maimakon A, B, C, a allo da takarda.

An kunna tsarin R1C1 ne, wanda a Faransanci ake kira L1C1. Ka shiga File, Options, Formulas, ka cire alamar R1C1 reference style. Sau da yawa ba kai ka kunna ba, wani fayil da ka fara buɗewa ne ya zo da shi. Tsari ne mai tarihi: a tsofaffin manhajojin jadawali, VisiCalc na 1979 da Lotus 1-2-3 na 1983 harafi da lamba suka bi, Multiplan na Microsoft na 1982 kuma lamba da lamba, Excel da ya fito a 1985 ya riƙe duka biyun har yau. Tun daga Excel 2007 falle yana da layi 1,048,576 da ginshiƙi 16,384, na ƙarshensu XFD. Bayan Z sai AA, AB, haka har can.

14. An ce in buga aikina da fomuloli a bayyane. Yaya ake yi, kuma me ya haɗa shi da haruffa?

Fomula irin =SUM(C2:C41) ba ta da ma'ana a takarda idan mai dubawa bai ga inda C yake da inda 41 yake ba. Saboda haka duk bugun fomula yana tafiya da haruffa, lambobi da zane. A jarrabawar aikin kwamfuta ta Cambridge IGCSE akan nemi wannan ƙarara, kuma malamai da yawa haka suke so.

A Excel ka shiga Formulas ka danna Show Formulas, ko Ctrl tare da maɓallin da ke ƙarƙashin Esc a allon rubutun Ingilishi. Ginshiƙai za su ƙara faɗi, amma doguwar fomula tana iya yankewa duk da haka. Ka zaɓi dukkan ginshiƙan ka danna sau biyu a kan iyakar da ke tsakanin haruffa biyu domin kowanne ya buɗe daidai da abin da ke cikinsa, ka kwantar da takardar da Landscape, ka duba samfuri da kyau. Fomular da aka yanke wa wutsiya ba za a ba ta maki ba. A Calc ba sai ka sauya allo ba, akwai akwatin Formulas a wurin da aka ambata a tambaya ta 9.

Haka nan idan ka zaɓi buga bayanan da aka liƙa wa gidaje (Comments ko Notes) a ƙarshen falle, wato At end of sheet, Excel zai jera su ne da adireshin gidajensu. Ba tare da haruffa a shafukan ba, mai karatu ba zai gano inda kowanne ya dosa ba.

15. Da na kunna haruffan, ginshiƙin ƙarshe ya faɗa wani shafi shi kaɗai.

Lambobin gefe suna cin ɗan fili a hagu, kuma wannan kaɗan ɗin ya isa ya ture ginshiƙi. Ka fara duba girman takarda a Page Layout, Size. Kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka takan zo da Letter, mai faɗin kusan milimita 216 da tsawon 279, alhali takardar da ke kasuwanninmu A4 ce, 210 da 297. Ka mai da shi A4, ka rage gefuna da Margins, Narrow.

In bai isa ba, a Scale to Fit ka sa Width ya zama 1 page ka bar Height a Automatic. Ka guji Fit Sheet on One Page idan jadawalin dogo ne, domin zai matse layi ɗaruruwa a shafi guda, rubutun ya zama ba ya karantuwa. Idan matsewar ta yi yawa, gara ka kwantar da takardar, ko ka bar jadawalin ya rabu shafi biyu tare da maimaita ginshiƙin sunaye kamar yadda yake a tambaya ta 4.

16. Ina rubuta darasi a Word, ina son yankin Excel ya fito da haruffansa da lambobinsa. Kwafi ya ƙi kawo su.

Kwafi na yau da kullum abin da ke cikin gidaje kawai yake ɗauka. Ko ka liƙa shi a matsayin Microsoft Excel Worksheet Object, haruffan suna bayyana ne lokacin da ka danna shi sau biyu don gyara, da ka fita sai su ɓace.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce wannan. Ka fara kunna Print na Headings da na Gridlines. Ka zaɓi yankin, a Home ka danna ɗan kibiyar da ke gefen Copy, ka zaɓi Copy as Picture, sannan As shown when printed. Ka koma Word ka liƙa. Hoton zai zo da haruffa da lambobi, kuma yakan fi hoton allo kaifi a takarda. Hanya ta biyu ɗaukar hoton allo ce: Windows+Shift+S a Windows, Shift+Command+4 a Mac, ko Insert, Screenshot, Screen Clipping daga cikin Word. Ita ce ta dace idan kana son gurbin fomula da ke sama ya fito shi ma. Ka ƙara girman allo kafin ka ɗauka, domin hoton da aka ɗauka ƙarami aka ja shi ya girma yakan dusashe.

Duka biyun hoto ne, ba ya gyaruwa kuma ba ya bin sauyin da ka yi a Excel daga baya. Idan kana son abin da za a iya gyarawa, ka gina haruffa da lambobin da fomulolin tambaya ta 10, ka yi musu launin toka, ka kwafe su tare da bayanan a matsayin jadawalin Word.

17. Jadawalin da na liƙa a Word ya kai shafi huɗu. Yaya kanunsa za su maimaitu?

Saitin Excel ba ya biyo jadawali zuwa Word, sai ka sake yi. Ka danna cikin layin farko na jadawalin, ka shiga sashen Layout na jadawali, ka danna Repeat Header Rows. Idan kanun layi biyu ne ka zaɓe su tare, amma dole a fara daga na farko. A LibreOffice Writer yana Table Properties, Text Flow, Repeat heading.

Idan ya ƙi, abu biyu za ka duba. A Table Properties, Text wrapping ya kasance None, domin Around yana hana maimaitawa. Sannan ka tabbata ba ka tsinka jadawalin da Ctrl+Enter ba, domin abin da ya biyo bayan tsinkawar Word ba ya sa masa kanu. Tunda kana wurin, a sashen Row ka cire alamar Allow row to break across pages, kada layin mutum ɗaya ya rabu tsakanin shafi biyu. Kuma kada ka sake rubuta kanu da hannu a saman kowane shafi. Da an ƙara layi ɗaya a sama, sai su gangaro tsakiyar shafi.

18. Zan iya ƙara girman haruffan da lambobin, ko in sauya musu salo?

A Excel suna bin salon da ake kira Normal, wanda a fitowa da yawa Calibri ne mai girman 11. A Home ka buɗe Cell Styles, ka danna dama a kan Normal, ka zaɓi Modify. Sai dai sauyin zai shafi duk gidajen da ba ka ba wani salo ba, har da faɗin ginshiƙai da tsayin layuka a fayil ɗin baki ɗaya, don haka ka sake duba rabon shafuka bayan ka yi.

Masu rubuta jadawali da Larabci ko ajami, kamar rajistar Islamiyya, suna iya juya fallen ta File, Options, Advanced, Show sheet right-to-left. Ginshiƙin A zai koma dama, lambobin layi ma haka.

19. A wace takarda bai kamata su fito ba?

Duk takardar da za ta fita waje a matsayin kammalallen aiki: rasit, takardar neman biya, katin sakamakon ɗalibi, jadawalin da ke cikin rahoto. Uba da ya karɓi sakamakon ɗansa ba shi da abin yi da harafin F, kuma lambar da ke gefe tana iya sa ya zaci matsayin yaron ne a aji. A irin waɗannan ka bar kanunka su maimaitu, ka zana iyakoki da Borders, ka sa lambar shafi a ƙasa. Idan fayil ɗaya ne ake bincike da shi kuma ake miƙawa, ka kunna haruffan lokacin dubawa, ka kashe kafin bugun ƙarshe.

20. A shago nake buga takarduna. Saitin zai bi fayil ɗin?

Idan ka adana shi a matsayin .xlsx ko .ods, zai bi. Idan .csv ne ba zai bi ba, domin wannan nau'in rubutu ne zalla, ba ya riƙe faɗin ginshiƙi balle saitin bugu. Amma ko da .xlsx ne, rabon shafuka yana iya motsawa a kwamfutar shago saboda firintarsu daban ce, ko ba su da salon rubutun da ka yi amfani da shi, ko da wata manhaja suka buɗe.

Saboda haka ka mai da shi PDF tun daga kwamfutarka, ta Save As ko Export, ko ta Microsoft Print to PDF. PDF yana ɗaukar abin da ka gani a samfurin bugu, har da haruffa, zane da kanun da ke maimaituwa. Idan dukkan fallaye kake so ka zaɓi Entire workbook, in ba haka ba wanda kake kai kawai zai fita. Ka buɗe PDF ɗin ka duba shafi na biyu da na ƙarshe kafin ka tura ta WhatsApp ko ka sa a filasha, ka kuma gaya wa mai shagon ya buga a A4 da Actual size, kada ya matse.